Ajin Yaƙi da Jahilci a Aboabo: Ina Kuɗin Gwamnati Yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar wata ƙungiyar mata 'yan kasuwa a Aboabo, Kumasi. Mu 40 ne, akasarinmu muna karanta Alƙur'ani amma ba mu iya boko ba, ko saƙon MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, sai yara sun duba mana. Mun buɗe aji a makarantar unguwa, wata 'yarmu da ta gama sakandare ke koya mana. Ana ta cewa gwamnati ta ware kuɗin karatun manya, amma da muka je ofis sai aka ce babu kuɗi. Yaya abin yake, kuma ina za mu dosa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka muku da alheri. Wanda ya ce da ku babu kuɗi bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa muku zancen ba. Gwamnatin Gana ba ta damƙa wa ƙungiya tsabar kuɗi don ta buɗe aji. Abin da take yi shi ne ta shigar da ajin cikin lissafinta, ta horar da mai koyarwa, ta ba da littattafai idan suna hannu, ta turo mai duba aiki. Duk wanda ya je da roƙon sidi, wato tsabar kuɗi, zai dawo hannu rabbana. A je da roƙon rajistar aji.

Haƙƙinku yana rubuce. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya ce gwamnati za ta samar da shirin koya wa manya karatu kyauta, amma ya ɗaura sharaɗi: gwargwadon abin da ke aljihunta. A wannan sharaɗin kowace gwamnati ke fakewa. Ofishin da ke riƙe da aikin shi ne wanda aka daɗe ana kira NFED, wato sashen ilimin da ba na makaranta ba, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, wanda doka mai lamba 1055 ta 2020 ta mayar da shi hukuma mai suna CEA. A shekarun 1990 har zuwa 2006 shirin ya yi ƙarfi saboda rancen Bankin Duniya ne ke tafiyar da shi. Lokacin ne aka riƙa ba masu koyarwa keken hawa ko keken ɗinki ko kwanon rufi idan sun kai aji ƙarshe, shi ya sa har yau dattawa ke cewa akwai kuɗi a harkar. Da rancen ya ƙare sai nauyin ya dawo kan kasafin gwamnati.

Kasafin kowace hukuma kashi uku ne: albashi, kuɗin gudanar da aiki, da kuɗin gine-gine da manyan kaya. Albashi yana fita kowane wata. Kashi na biyu, wanda daga shi ake buga littafi, a sayi alli, a zuba mai a babur ɗin mai duba aiki, shi ne ƙarami, shi ke makara, wani lokaci shekara ta ƙare bai fito duka ba. Saboda haka za ku tarar da jami'i zaune a ofis, an biya shi, amma ba shi da ko kwali ɗaya na littafi. Ga kuma sakandare kyauta da aka fara a 2017, ta ja kaso mai tsoka na kuɗin ilimi, har da na GETFund, asusun tallafa wa ilimi na ƙasa. A ganinmu an ƙware manya a rabon, tunda ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum uku cikin goma daga shekara shida zuwa sama ba sa karatu da rubutu, mata kuma sun fi yawa a ciki.

Ku fara da takarda zuwa ga jami'in CEA na Asokore Mampong, domin Aboabo a ƙarƙashin wannan asambili (ƙaramar hukuma) take, ba KMA ba, wato asambilin birnin Kumasi. Mutane da yawa suna ɓata tafiya zuwa ofishin KMA da ke Adum a kan wannan. Ku haɗa da jerin sunayen ɗalibai da shekarunsu da sana'arsu, wurin da ake ajin, ranaku da lokaci, da sunan mai koyarwa da matakin karatunta. Ku yi kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a kan naku. Takardar da ba ta da hatimi, gobe za a iya cewa ba a gan ta ba.

Mutum 40 sun yi wa aji ɗaya yawa. Tsarin hukuma kusan 25 ne, kuma cikakken zagayen karatun wata 21 ne. Ku kasa biyu, ku ware waɗanda suka taɓa shiga firamare daga waɗanda ba su taɓa riƙe fensir ba, in ba haka ba na baya za su ji kunya su janye. Awa biyu sau uku a mako ya isa.

Akwai wani abin da ya kamata ku yanke kafin ku je, wato harshe. An rubuta littattafan shirin a harsunan Gana 15, irin su Twi na Asante, Dagbani, Ewe, Ga da Gonja, sannan aka ƙara Turanci. Hausa ba ta ciki. Jami'i zai miƙo muku na Twi ko na Turanci. Tunda buƙatarku saƙon waya ce da rasit da takardar asibiti, ku nemi na Turanci, amma kada a fara da shi kai tsaye. A ɗauki wata biyu zuwa uku ana koyon haruffan boko da kalmomin da kowa ke furtawa a gida da kasuwa: gari, doya, bashi, riba, sunan kowace ɗaliba da lambar wayarta. Macen da ta yi karatun allo ta riga ta san cewa harafi da wasali ke haɗuwa su ba da sauti, abin da ya rage mata sabon baƙi ne da juya hannu daga hagu zuwa dama. Ajin da ya tsallake wannan matakin, haddar kalmomin Turanci ake yi a cikinsa, bayan wata shida ba mai iya karanta abin da ba a biya mata ba.

Kuɗin hannu kuwa, idan za a same shi, a asambili yake. Tsarin mulki ya ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ga asusun da ake raba wa asambili-asambili, ban da harajin da ku kanku kuke biya a kasuwa. Sai dai asambili ba ta kashe kuɗi a kan abin da ba ya cikin tsarin aikinta na shekara, kuma ana shirya kasafin baɗi tun bana. Wanda ya kai kuka a Fabrairu sai a ce ya jira. Ku sa asambilimanku, wato wakilin unguwarku a asambili, ya gabatar da buƙatar a kwamitin kula da jin daɗin jama'a tun wajen Yuni ko Yuli, ku kuma yi wa ƙungiyar rajista a Sashen Jin Daɗin Jama'a da Raya Al'umma na asambilin, ku buɗe asusun banki da sunanta mai sa hannun mutum biyu ko uku. Ku roƙi abin da ake iya ƙirgawa: benci 10, allo 2, fitila, littafin rubutu 80. Irin wannan ya fi saurin wucewa fiye da alawus, domin kaya sau ɗaya ake saye, alawus kuwa kowane wata ne. Ɗan majalisar Asawase, mazaɓar da Aboabo ke ciki, shi ma yana da nasa kaso daga wancan asusun da ake raba wa asambili-asambili, ku kai masa kwafi. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ya haɗa da ilimi cikin ayyukansa, ba laifi a rubuta masa, amma kada a dakatar da aji ana jiran amsa.

Abin da ya fi kashe irin wannan aji shi ne gajiyar mai koyarwa. A tsarin hukuma aikin sa-kai take yi, ba albashi. Yarinyar da ta gama sakandare, da ta samu aiki ko gurbin karatu ko miji, ta tafi. Ku yanka mata wani abu kowane wata daga adashenku, ku kuma tura mutum biyu horo maimakon ɗaya. Lokaci ma yana da tasiri: kada a sa aji a ranar da aka fi ciniki, a kuma rubuta tun farko cewa za a rufe a watan azumi a dawo mako guda bayan Sallah. Hutun da ba a sa masa ranar dawowa ba shi ke zama ƙarshen ajin.

Ku riƙe littafin kiran suna, a cike shi kowane zama, kuma kowace ɗaliba ta ajiye shafin da ta rubuta a makon farko don a gwada da na wata na shida. Su ne shaidar da mai duba aiki zai nema. Shiga shirin gwamnati kyauta ne, don haka duk wanda ya zo da fom yana neman kuɗin rajista da sunan hukuma, ku ce ya biyo ku ofishin asambili a biya a can. Idan kuma cikinku akwai masu son takardar shaida daga baya, WAEC tana shirya jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare, ga masu zaman kansu, kuma babba yana iya zama ya rubuta.