Jakar "Nemo Mini": Yadda Ake Ɗinka Ta, da Wanda Ya Kamata a Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina ɗan taɓa ɗinki a gida. Na ga wata 'yar jaka mai tagar leda, cike da shinkafa da ƙananan abubuwa, yaro na jujjuya ta yana neman abin da aka ce ya nemo. Ina so in ɗinka wa 'ya'yan yayata kyautar Sallah, babbar shekararta 4, ƙaramin watansa 18. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ɗinka wa babbar, amma ƙaramin kada ki ba shi irinta. Bari mu fara da ɗinkin, sannan in gaya miki dalili.

Ki samu ƙyallen atamfa mai ƙarfi, ki yanka falle biyu, inci 7 kowane gefe. A tsakiyar ɗaya ki buɗe taga inci 4, ki kalmashe bakinta ciki. Ledar kuwa mai kauri ake so, irin wadda ake sako zanen gado a ciki ko wadda ake shimfiɗa wa tebur. Ledar cefane ba za ta kwana ba.

A wajen ledar nan mutane ke shan wahala. Tana manne wa ƙafar keke ta ƙi tafiya, don haka ki ɗora siririyar takarda a kanta ki ɗinka tare, in kin gama ki yage takardar. Kada ki soka mata fil, ramin ba ya rufewa. Kada dutsen guga ya taɓa ta. Sannan ki buɗe takun keken ya ɗan yi tsawo, domin ɗinki mai matsewa jera huji yake yi, ledar ta tsage a layin kamar rasit. Ki bi tagar layi biyu, gefunan jakar ma layi biyu. Na taɓa yin ganganci na bi sau ɗaya, kafin la'asar shinkafa ta cika tabarma.

Ki bar baki inci 2, ki juya jakar, ki zuba abubuwa 10 zuwa 15: maɓalli ja, wuri, tsohon makulli, kwabo, tsakiya, ɗan kifin roba. Ban da mai tsini, ban da maganaɗisu, ban da batirin agogo, don haɗiye waɗannan biyun na iya kisa. Sai ki zuba cikon, wato shinkafar, ya tsaya kashi biyu cikin uku na jakar. In kin danƙare ta, ba abin da zai motsa. Shinkafa ta fi araha, sai dai ba a wanke ta, kuma da damina takan yi ƙwari ko ta yi fumfuna. In kin samu ƙwayoyin roba sun fi. In kin gama zubawa ki ɗinke bakin da kika bari. Ki zana abubuwan a kati ki haɗa mata, tunda ba ta fara karatu ba.

To, ƙaramin. Yaron da bai kai shekara 3 ba da baki yake bincike, ga haƙora sababbi. A Amurka da Turai ana gwada kayan wasan irin waɗannan yara da wani bututu mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya ana ɗaukarsa abin shaƙewa. Kusan duk abin da na lissafa miki zai shige.

Shi ki yi masa littafin ƙyalle mai shafi huɗu. Ki yanko tsuntsu, fure ko kifi daga zanen atamfa ki ɗinke su daram a shafin, ki rufe kowanne da marfin yadi. Ya ɗaga ya ga tsuntsu, ya rufe, ya sake ɗagawa. Ba maɓalli, ba tsakiya, ba igiya.

Ki kuma gaya wa yayarki ta riƙa duba ɗinkin jakar tana ɗan jansa, in an gama wasa a ɗora ta saman durowa inda hannun ƙaramin ba zai kai ba.