Amsa: ina ya kamata a ajiye lissafin ƙungiya?

Malam ma'aji, ka tambaya ko barin lissafin kuɗin ƙungiyar unguwarku a wayarka ya wadatar. Gaskiya bai wadatar ba. Mu ma haka muka yi, har ranar da aka sace wayar sakatarenmu a kasuwa, lissafin gudummawar wata bakwai ya bi ta.

Ku buɗe asusun Gmail da sunan ƙungiya, ba da sunan mutum ba, don ma'aji yakan sauka. Google Drive, ma'ajiyar fayiloli ta intanet da ke zuwa tare da asusun Gmail, na ba da gigabait 15 kyauta. Ku zuba lissafin a Google Sheets, manhajar jadawalin lissafi da ke ajiye aiki a Drive, kai da sakatare ku riƙa rubutawa, shugaba da masu bincike su gani kawai. Abin da ya fi burge ni, yana riƙe tarihin gyara: in wani ya taɓa adadi, za a ga ko wane ne, da yaushe.

Rasit kuwa, ku ɗauke shi hoto a ranar, don rubutun takardar POS ba ya jimawa yake gogewa. Duk ƙarshen wata ku sauke kwafi a filashi, ku buga a takarda shugaba ya sa hannu. Abin da aka goge a Drive kwana 30 kawai yake yi a kwandon shara.