Tambaya da Amsa: Me ya sa ruwa ya ci gonata ya bar ta maƙwabcina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Birnin Kudu. Damina uku ke nan da ruwa ya fara cin gefen gonata, yanzu kwazazzabon ya kai ƙugun mutum, alhali gonar da muke iyaka da ita lafiya lau take. Ɗana da ke jami'a ya ce masana ma ba su gama gane zaizayar ƙasa ba. Shin haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya mayar da alheri. Ɗanka bai yi ƙarya ba, sai dai maganarsa tana bukatar bayani. Yadda zaizaya ke farawa sananne ne. Idan ɗigon ruwan sama ya daki ƙasar da ba ta da rufi, sai ya farfasa ta, garinta ya toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse, saman ya yi ɓawo, ruwan kuma ya kwaranya yana ɗauke da ƙasar sama wadda ita ce mai albarka. Abin ya fi muni a ruwan farko na watan Mayu da Yuni, lokacin da an kwashe kara da harawa, dabbobi sun share sauran, shuka kuma ba ta rufe ba.

Inda masana suke kai-komo shi ne wajen awo. Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen ƙiyasta yawan ƙasar da gona ke rasawa a shekara, wasu masana biyu na Amurka ne suka tsara shi, suka fitar da shi a 1965, suka sabunta a 1978, bisa bayanan ƙananan filayen gwaji masu tsawon mita 22 na ƙasarsu. Ruwanmu kuwa yakan zubo da ƙarfi cikin ɗan lokaci, ƙasarmu ta jigawa da marmara dabam take da tasu, kuma ma'aunin tun asali ba a yi shi don kwazazzabo ba. Wannan ne ya sa nake taka-tsantsan da duk alƙaluman da aka ce sun nuna asarar ƙasa a Arewa, har sai na ji a wace gona aka auna, kuma damina nawa aka yi ana aunawa.

Tambayarka ta faɗa daidai wurin da ya fi wuya. An san cewa gangare, da faɗin filin da ke tara wa wuri ruwa, da irin ƙasar da ke kwance a ƙarƙashi, duk suna da hannu wajen tsagewar kwazazzabo. Amma har yanzu ana binciken yadda za a nuna tun da wuri cewa a nan ne ƙasa za ta tsage, da kuma taku nawa bakin ramin zai ci a damina mai zuwa, domin sau da yawa mamakon ruwa na dare ɗaya yakan yi ɓarnar da shekaru ba su yi ba. Ina ba ka shawarar ka bi sawun ruwan zuwa sama ranar da aka yi ruwa. Galibi za ka tarar da kwalbati, ko burtali, ko hanyar ƙafa, ko ramin ɗibar yashi, wanda ya haɗa ruwan wuri guda ya karkato shi gonarka.

Akwai kuma batun inda ƙasar da ruwa ke kwashewa daga gonakin Arewa take zuwa. Wata takan kwanta a fadama, wata ta gangara madatsun ruwa irin su Tiga, wanda aka kammala a 1974, da Challawa, wata kuma ta isa dausayin Haɗejiya da Nguru, inda taɓo da ciyawar kacala ke toshe hanyoyin ruwa. Rabe kason da ya fito daga saman gonaki da wanda ya fito daga kwazazzabai da gaɓar kogi aiki ne da bai ƙare ba, kuma amsarsa ce za ta nuna inda ya dace shiri irin ACReSAL, na gwamnati da Bankin Duniya don farfaɗo da ƙasar da ta lalace, ya fi zuba kuɗi.

Kafin damina, Malam, ka dasa gamba ko jema a jere sama da bakin ramin, ka tare ruwan tun daga can, domin cike ramin kaɗai ba ya tsayar da shi. Sannan ka kafa turaku uku nesa kaɗan da bakin, ka riƙa auna tazararsu da igiya bayan kowane babban ruwa, ɗanka yana rubuta ranar yana ɗaukar hoto da waya. Idan damina ta wuce, ya kai littafin ga malamin gona na yankinku ko Cibiyar Binciken Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, domin irin wannan awon na gona guda shi ne abin da masu bincike suke ƙaranci.