Tambaya da Amsa: Launin fata ne ko talauci?

Tambaya: Malam barka da aiki. Wai mawaƙan baƙar fata na Amurka wariyar launi kawai suke kuka da ita a baitocinsu ko har da maganar talaka da mai kuɗi? Hauwa, daga Zariya.

Amsa: Malama Hauwa ai a can abin a cakuɗe yake. Ki ɗauki Langston Hughes, wanda ya yi tashe a unguwar Harlem ta birnin New York wajajen 1920 zuwa 1930, ya rasu 1967. Yana da wata waƙa ta 1940, ɗan haya ne baƙar fata yake ce wa mai gida rufi na yoyo, matakala ta karye, shi kuwa mai gida dala 10 ɗinsa kawai yake nema, gardama ta kaure aka kira ɗan sanda, ƙarshenta alƙali ya ɗaure ɗan hayan kwana 90 kuma jarida ta buga shi ne mai laifi, ba wanda ya ƙara zancen rufin. To kin ga rigimar ta kuɗin haya ce, amma fatarsa ce ta sa ba a saurare shi ba.

Abin mamaki ma wasu 'yan bokon baƙar fata sun yi ta caccakarsa a 1927, wai ya tona asirin talakawansu a gaban Turawa, shi da ya taɓa aikin kwashe kwanuka a otal a Washington. Ni dai ina bayansa. A 1953 kuma kwamitin majalisar dattawan Amurka na Sanata McCarthy ya kira shi ya sha tambayoyi kan zargin kwaminisanci.