Hoton cikin ido ga mai ciwon suga: yana da ciwo, kuma ya zama dole?

Malama, kin ce likita a Tawa ya umarci mahaifiyarki mai ciwon suga da ta je a ɗauki hoton cikin idonta, alhali tana gani sosai, kuma kina tsoron kada a ji mata ciwo. Allah ya ba ta lafiya.

Ki kwantar da hankalinki, domin ba a yanka kuma ba a huda idon. Za ta ɗora haɓarta a kan na'ura, haske ya walƙa, a samu hoton tantanin da ke bayan ido, wanda shi ne ke karɓar haske. Wata na'urar mai suna OCT, wadda aka fara bayyanawa a 1991, tana nuna kaurin tantanin daki-daki, har a gane kumburin tsakiyarsa.

Ganinta sosai ba hujjar jinkiri ba ce. Suga yana lalata ƙananan hanyoyin jinin tantanin shekara da shekaru ba tare da zafi ba, kuma sau da yawa sai ɓarna ta yi nisa gani yake raguwa. Shi ya sa ake son a duba mai suga aƙalla sau ɗaya a shekara, a ajiye hotunan don a kwatanta su.

Idan aka ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido, za ta ga dishi-dishi na 'yan awowi, don haka a raka ta. Ku guji maganin ɗigawa na kasuwa.

Likitan ido ne ya kamata ya fassara hoton, ko da sai kun je Yamai. In ta fara ganin baƙaƙen ɗigo suna yawo, ko gani ya ragu farat ɗaya, ku tafi asibiti a ranar.