Tambaya da Amsa: Ya zan yi kurma da makaho su amfana da bidiyona?

Tambaya: Salamu alaikum Anti, dan Allah ina neman shawara. Ina ɗora bidiyon girki a TikTok da Facebook, to ina da ƙanwa kurma ce, tana kallo amma hannuna kawai take gani yana motsi bata san me nake cewa ba, kuma kwanaki wata baiwar Allah mai lalurar gani ta turo min saƙon murya tace tana saurarona amma bata iya bin girkin. Ya zan yi? Daga ƴar uwarku a Zariya.

Amsa: Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri da kika damu da wannan. Kuma ba ƙaramar jama'a bace fa, Hukumar Lafiya ta Duniya tace sama da mutum miliyan 430 ne ke fama da matsalar ji mai tsanani.

Ita ƙanwar taki abin da take buƙata shine rubutu a ƙasan bidiyo, duk abin da kika faɗa ya fito daidai lokacin da kika faɗe shi. Manhajar CapCut tana da wajen saka rubutu, YouTube ma tun 2009 suke da wanda na'ura ke rubutawa da kanta, amma wallahi kar ki dogara da na'ura in Hausa kike yi, zauna ki rubuta da hannunki. Kar ya wuce layi biyu a lokaci ɗaya, farin rubutu a kan baƙi yafi fitowa, kuma ki barshi ya ɗan jima yadda mutum zai karanta ba tare da ya tsayar da bidiyon ba. Abin da mutane ke mantawa shine ƙarar da ba magana ba, in mai ya fara ƙara a kasko ki rubuta "mai ya fara ƙara", domin ke da kunne kika gane yayi zafi, ita kuma sai kin gaya mata. In ku biyu ne kuke magana ki sa sunan mai maganar a gaba.

Mai lalurar gani kuwa gyaran a bakinki yake. Mu masu girki mun saba da "sai ki zuba wannan, kamar haka, har ya koma haka", to wanda baya gani me ya ƙaru da shi? Kice na zuba garin kuka cokali uku, ina kaɗawa da maburgi har yayi kauri yana bin cokali. A finafinai akan sa murya ta daban tana bayanin abin da ke faruwa a inda ƴan wasa sukayi shiru, amma ke tunda kece mai magana basai kin ɗauko kowa ba, kayan haɗin da kike rubutawa a fuskar bidiyo ma ki karanto su da baki.

Sannan ki tambayi ƙanwarki wane yare tafi karantawa, dan yawancin makarantun kurame da Turanci ake koyarwa, wata sai kiga Turancin yafi mata sauƙi akan rubutun Hausa, wata kuma maganar hannu tafi ganewa. Kafin ki ɗora na gaba ki bata wayar ta kalla, inda kika ga ta mayar da bidiyon baya to nan ne rubutun yayi sauri.