Anti, Karatun Waya Ya Hana Ni Barci

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar kuɗi a Zariya, ina ɗaukar JSS2 da SS1 da SS3. Tun watan Maris na 2020 da aka rufe makarantu saboda korona mai makarantarmu ya ce a ci gaba da karatu ta waya, aka buɗe wa kowane aji guruf a WhatsApp, albashi ya koma rabi, data kuma daga aljihunmu.

Anti wallahi tun lokacin ban san dare ba ban san rana ba. Yawancin yaran wayar babansu suke ara, shi kuma sai bayan isha'i yake dawowa daga kasuwa, to daga nan saƙonni za su fara zuba, wannan ya turo hoton aikinsa a karkace rabin lambobin ba sa fita, wancan ya ce Malama ban gane ba ki sake, wata uwa ta kira ƙarfe sha ɗaya wai me ya sa ba a duba na ɗanta ba, ni kuma ina bakin gado ina buɗa hoto da yatsu biyu in gane bakwai ya rubuta ko ɗaya. Na gwada Zoom, manhajar taro ta bidiyo, yara kaɗan suka shigo, su ma sabis yana ta yanke su, ga wuta ba kullum ba.

'Ya'yana uku, ƙaramin yana goye. Maigida ya fara magana, wai ko abinci nake zuba masa idona na kan waya. Babbar 'yata kuwa cewa ta yi Mama kina koya wa 'ya'yan mutane mu kin bar mu, maganar nan ta tsaya min a rai. Yanzu kuma gwamnatin tarayya ta ce 'yan ajin ƙarshe su koma makaranta ranar 4 ga Agustan 2020, jarrabawar WAEC a fara 17 ga wata, ke nan da safe ina aji da 'yan SS3, sauran na jirana a waya, ga babbar sallah ta matso. In ajiye aikin ne? Rabin albashin nan ma da shi muke cika cefane. Don Allah ki ba ni shawara.

Malama daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lada. Kada ki ajiye aikinki yanzu. Abin da ke cin ki shi ne a makaranta akwai ƙararrawar tashi, a waya babu, kuma ba wanda zai kaɗa miki ita sai ke da kanki.

Ki fara da guruf ɗin. Ki shiga saitinsa, wajen aika saƙo ki zaɓi admin kaɗai, kowa zai karanta amma ke kaɗai za ki iya rubutu. Sai ki riƙa buɗe shi a lokacin da kika yanka, tunda iyayen da dare suke dawowa ki ce daga ƙarfe takwas zuwa tara, tara na yi ki rufe ki kashe data. Wanda bai samu ba ya turo gobe. Ki sanar da iyaye cikin ladabi da saƙon murya, amma kafin nan ki sanar da mai makarantar ya amince, don in wata ta kai ƙara ya zama da saninsa. Makon farko za a yi ƙorafi, ki daure, za su saba.

Zoom ki bar shi, na kyauta ma minti 40 yake ba taro ya yanke, kuma yaron da ke aron waya ba zai iya zama a lokacin da kika sa ba. Ki samu farar takarda da alƙalamin maka mai kauri, ki warware misali ɗaya mataki-mataki ki sa wa kowane layi lamba, ki ɗau hoto a tsakar gida da hasken rana, sannan ki bi shi da saƙon murya na minti uku ko huɗu kina cewa ku duba layi na biyu, nan ne muka raba da biyar. Ba ya cin data kamar bidiyo, kuma yaro zai saurara sau nawa yake so, ban gane ba ki sake ɗin zai ragu. Ki ware safiyar Asabar ki shirya na mako gaba ɗaya, kullum sai dai ki tura.

Duba aiki kuwa, ba dole ki duba na kowa kullum ba. Tambaya uku ta isa, washegari ki tura amsa kowa ya duba nasa, ke ki ɗauki na mutum biyar ki duba da kyau, gobe wasu biyar. Hoton da bai fita ba a sake ɗauka, idonki ma amana ne.

Daga nan zuwa WAEC 'yan SS3 ne a gaba, su jarrabawa ke jira. JSS2 da SS1 ki mayar da su sau biyu a mako, waɗanda ba su da waya a buga musu takarda iyaye su karɓa a bakin get. Maganar kuɗin data kuma kada ki je wajen mai makarantar ke kaɗai, ku haɗu da sauran malamai ku rubuta takarda guda, an fi jin ta jama'a.

Maigida ki same shi a natse ki nuna masa sabon tsarin, ki roƙe shi ya riƙe miki yaran awa ɗayan nan ta dare. 'Yarki kuma kewarki take yi, bayan la'asar ki ajiye wayar a ɗaki ki zauna da ita da littafinta a kan tabarma ko na rabin awa ne. Ki sake rubuto min bayan sallah in ji yadda aka kwana.

Antinku